Ma'aunin Zaɓen Fitattun Fina-finan Kaboyi: Darasi a kan Tarke

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ce wannan aiki ya fi wancan, to tarke ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya raba matarki da mai hirar majalisa shi ne ma'auni: matarki yana bayyana mudun da ya auna da shi, domin wani ya sake awo ya ga ko an yi masa ƙwange. Wannan takarda za ta gwada haka a kan fina-finan kaboyi, wato waɗanda ke ba da labarin yammacin Amurka a ƙarni na 19. An zaɓe su ne saboda zubinsu a fili yake kamar na tatsuniya: ga jarumi, ga mugu wanda ƴan kallo ke kira bos, ga gari mai neman ceto, ga arangamar ƙarshe. Inda zubi ya zama ɗaya, nan gwanintar mai aiki ta fi saurin bayyana, kamar yadda ake gane gwanin mawaƙi idan aka ba mawaƙa amshi ɗaya.

2.0 Tarihin da Fim Ya Ɗauka

Zamanin da waɗannan fina-finai suka fi kwaikwayo gajere ne. Ya fara daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 ya ƙare wajen 1890. A cikin waɗannan shekaru makiyayan haya suka riƙa kora garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene. A 1869 layin dogo ya haɗa gabas da yamma. Dokar 1862 ta bai wa mai son noma eka 160, sannan waya mai ƙaya, wadda ta yaɗu bayan 1874, ta shinge makiyaya. A wannan lokaci ne kuma aka ƙarasa ƙwace ƙasar ƴan asali, har zuwa kisan gillar Wounded Knee a 1890.

Ɗalibin harshe ya lura da abu biyu. Na farko, sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koye ta, shi ya sa kalmomi irin su lasso da rodeo suka shiga Ingilishi daga Sifaniyanci. Na biyu, masana tarihi da dama sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, amma da wuya a gan su a majigi kafin shekarun 1960. Ke nan fim ɗin kaboyi tatsuniyar da wata al'umma ta yi wa kanta ce game da asalinta, kuma da idon tatsuniya ya kamata a fara dubansa kafin a gwada shi da tarihi.

3.0 Matsalar Jerin Gwanaye

A 2008 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta fitar da jerin goma mafiya fice a wannan rukuni. The Searchers ne na ɗaya, High Noon na biyu, Shane na uku. Babu fim ɗin Sergio Leone ko ɗaya a ciki, domin sharaɗin shiga shi ne fim ya zama na Amurka. A ɗaya gefen, a ƙuri'ar ƴan kallo ta shafin IMDb, The Good, the Bad and the Ugly na Leone ne ya daɗe a gaban sauran fina-finan kaboyi. Kyautar Oscar kuwa wata hanyar daban ta bi: Cimarron na 1931 ya ci kyautar fim mafi kyau, yau kuwa ba kowa ke tunawa da shi ba, alhali The Searchers ko takara ba a sa shi ba.

Darasin nan shi ne, kowane jeri yana ɗauke da hoton mai jerawa. Saboda haka kafin mu kawo namu, ga mudunmu. Za mu tsaya tsakanin 1939 da 1969, shi ya sa Unforgiven na Clint Eastwood, na 1992, bai shigo ba duk da nagartarsa. Za mu auna da abu huɗu:

(a) Salo: ko hoto da sauti ne ke ba da labarin, ko surutun ƴan wasa.
(b) Tauraro: ko yana da yaƙin zuci, ko bindiga ce kawai da hula.
(c) Jigo: ko fim ɗin ya tuhumi tatsuniyar da yake bayarwa.
(d) Tasiri: ko ya sauya aikin waɗanda suka biyo baya.

4.0 Fina-finai Biyar

4.1 Stagecoach, 1939

John Ford ya zuba mutum tara a keken doki ɗaya, daga Tonto zuwa Lordsburg: karuwar da matan gari suka kora, likita mashayi, ɗan caca, matar hafsa mai juna biyu, ma'aikacin banki, fursunan da ya tsere, da sauransu. Kafin a isa, waɗanda aka raina su ne suka nuna mutunci, mai bankin da ya fi kowa wa'azi kuwa ɓarawo ne. Fim ɗin ya ci ma'aunin salo da na tasiri: shi ya ɗaga John Wayne, shi ya mai da duwatsun Monument Valley tambarin rukunin baki ɗaya. Manazarcin Faransa André Bazin ya ɗauke shi misalin kammalar wannan zubi. Rauninsa yana ma'auni na uku. Mayaƙan ƙabilar Apache a cikinsa ba su da suna sai na Geronimo, ba su da dalili. Tamkar guguwa suke, su taso a harbe su. Shi ne na biyar.

4.2 High Noon, 1952

Will Kane, shugaban ƴan dokar gari, ya ɗaura aure da safe, sai ga labari cewa mutumin da ya taɓa kaiwa kurkuku zai sauka a jirgin tsakar rana don ramuwa. Kane ya bi gida gida, ya shiga mashaya, ya shiga coci, kowa ya kawo uzuri. Fred Zinnemann ya sa mintocin labarin sun yi kusan daidai da minti 85 na fim ɗin, agogo kuma yana ta dawowa a fuskar majigi. Marubucinsa, Carl Foreman, ya gurfana a 1951 gaban kwamitin majalisar da ke farautar ƴan kwaminis, ya ƙi ba da sunayen kowa, aka toshe masa aiki, ya koma Ingila. Wanda ya san haka zai gane garin da ake nufi. John Wayne da Howard Hawks sun ƙi jinin fim ɗin, har suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959. Aibinsa shi ne saƙon ya fito fili da yawa, kuma mugayen ba su da wani zurfi. Shi ne na huɗu.

4.3 The Man Who Shot Liberty Valance, 1962

Wani lauya, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya zama sanata saboda an ce shi ya kashe ɗan ta'addan da ya addabi gari. Gaskiyar ita ce wani ne, Tom Doniphon, ya harba daga cikin duhu, kuma ya mutu a talauce ba wanda ya san shi. Da sanatan ya tsufa ya faɗi gaskiya, sai editan jarida ya ƙi bugawa, ya zaɓi labarin da jama'a suka saba. Nan Ford ya juya ya tuhumi sana'arsa: doka da makaranta da zaɓe sun kafu, amma harsashinsu kisan ɓoye ne da ƙarya. Ɗalibin da ya nazarci kirarin sarakuna, ya ga yadda maroƙi ke zaɓar abin da zai ambata da abin da zai binne, ba zai sha wuyar wannan jigo ba. An ɗauki yawancinsa cikin ɗakin shirya fim, hotonsa baƙi da fari ne, ba shi da faɗin fili irin na sauran. Shi ne na uku.

4.4 Once Upon a Time in the West, 1968

Leone Ba'italiye ne, kuma yammacin Amurka da ya sani na majigi ne. Ya buɗe fim ɗin da mutum uku suna jiran jirgi fiye da minti goma, magana ƙalilan: ƙuda, ɗigon ruwa, kukan injin iska. Ennio Morricone ya tsara kiɗan tun kafin a fara ɗauka, kowane babban ɗan wasa da takensa, kamar yadda makaɗi ke yi wa kowane basarake nasa take. Henry Fonda, wanda Amurkawa suka saba gani a mutumin kirki, shi ne ya harbe yaro a fitowarsa ta farko. Rikicin kuwa a kan ruwa ne: wanda ya mallaki rijiyar da jirgi zai tsaya ya sha, shi ya mallaki garin gobe. A ma'aunin salo babu na biyunsa. Abin da ya hana shi kambi shi ne mutanensa sun fi kama da gumaka, ana kallon su da mamaki, ba a cika shiga zuciyarsu ba.

4.5 The Searchers, 1956

Ethan Edwards ya dawo Texas a 1868. Ƴan Comanche suka kashe iyalin ɗan'uwansa, suka tafi da ƙaramar ƴarsa Debbie. Shekara biyar yana nema. A hankali mai kallo ke gane cewa niyyarsa ta sauya: tunda ta zama matar shugabansu Scar, kashe ta yake son yi. Wannan jarumi yana jin harshen abokan gabarsa, ya san addininsu, har yana harbe idanun gawa don ya hana ta hutawa bisa imaninsu. Shi da Scar madubin juna ne, kowanne an kashe masa nasa. A ƙarshe ya ɗauko yarinyar ya kai ta gida, kowa ya shiga, shi ya tsaya a waje, ƙofa ta rufe. Hoto ɗaya ya faɗi jigon duka: al'umma na bukatar mai zubar da jini don ta kafu, amma ba ta da wurin zama dominsa.

Akwai abin zargi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Henry Brandon, Bature haifaffen Jamus, shi ya fito a Scar. Ƴan Navajo aka sa su zama Comanche. Akwai kuma wurin da aka shuri wata mace ƴar asali ta gangara tudu, aka mai da abin raha. Fim ɗin yana tuhumar wariyar launin fata, yana kuma ɗauke da ita. Duk da haka shi kaɗai ne cikin biyar ɗin ya ci ma'auni huɗun, domin ya sa cutar a jikin jarumin da ƴan kallo suka fi ƙauna. A ƙuri'ar manazarta ta mujallar Sight and Sound ya zo na 7 cikin dukan fina-finan duniya a 2012, ya sauka zuwa na 15 a 2022.

5.0 Suka da Amsa

Mai suka zai ce uku cikin biyar na Ford ne, an bar Shane na 1953 da Red River na 1948 da The Wild Bunch na 1969. Sukar tana da ƙarfi. Shane, musamman, yana magana a kan rikicin manoma da masu garke, abin da ba baƙo ba ne gare mu, ko da yake a can masu shanun ne attajirai masu ƴan bindiga. An bar shi ne don ta idon yaro aka nuna jarumin, saboda haka ya fito tas babu tabo, ya faɗi a ma'auni na biyu. Wanda ya sauya mudu ya sa daɗin kallo a gaba, jerinsa zai bambanta, kuma yana da hujja muddin ya bayyana mudun.

Ma'aunin tasiri ma ya nuna cewa rukunin ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. The Magnificent Seven na 1960 daga Seven Samurai na Akira Kurosawa aka ɗauko shi. A Fistful of Dollars na 1964 daga Yojimbo ne, har kamfanin Toho ya kai ƙara. Sholay na Indiya, na 1975, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya sha daga Kurosawa da Leone duka. A Nijar kuwa, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen majigi, suka hargitsa ƙauyensu da sata da faɗa. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin ƴan wasan. Wannan gajeren fim tarke ne da aka yi da kyamara, domin ya tambayi abin da tatsuniyar wasu ke yi wa wanda ya are ta ya yafa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa jeri ba ya da daraja sai da ma'auninsa, kuma fim ɗin da ya fi shi ne wanda ya iya ba da tatsuniyar yana kuma tuhumarta. Saura aikin da ya shafi harshe kai tsaye. Sunan The Searchers yana nufin masu nema, amma a Faransanci an kira shi La Prisonnière du désert, aka ɗauke hankali daga mai nema zuwa wadda aka kama. High Noon, wato tsakar rana, ya koma Le train sifflera trois fois, agogo ya ba jirgi wuri. Haka nan a bakin ƴan kallo Hausawa akan ji ana kiran ƴan asalin Amurka Indiyawan daji, sunan da ya yanke musu hukunci tun kafin a fara fim.

Aiki: kowane ɗalibi ya ba fina-finai biyar ɗin nan sunayen Hausa, ya rubuta shafi ɗaya yana bayyana abin da kowane suna ya fito da shi da abin da ya ɓoye. Sannan ya ɗauki ma'auni huɗun ya gwada su a kan fim ɗin Hausa ɗaya da ya zaɓa, ya faɗi wanne ne ya yi aiki, wanne ne kuma ke bukatar gyara.