Teyatur a Harabar Kamfani: Wa Aka Bai Wa Damar Hawa Dandali?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke aiki a wani kamfani a Yamai ya gayyace ni kallon teyatur da aka shirya wa ma'aikatansu. An kafa rumfa a harabar kamfanin, darakta da manyan ma'aikata suna sahun gaba, direbobi da masu shara suna tsaye can baya. 'Yan wasa biyar suka gabatar da gajerun wasanni biyu, ɗaya a kan damawa da kowa a wurin aiki, ɗaya a kan tattalin muhalli. Na fito da yabo a bakina, amma kuma da abin da ya tsaya mini a rai.

Wasan farko labarin wata mata ce mai keken guragu da aka kira ganawar ɗaukar aiki. Ofishin yana saman bene, babu hanyar da keke zai bi. Sakatare ta leƙo ta ce ta bar takardunta wurin maigadi, za a neme ta. A nan jagoran wasan ya tsayar da komai, ya tambayi 'yan kallo ko akwai wanda zai hau ya gyara lamarin.

Wannan salo yana da tarihi. Augusto Boal, mutumin Brazil da ya rasu a 2009, shi ya fito da shi. Gwamnatin soja ta kama shi a 1971, aka azabtar da shi, ya yi gudun hijira zuwa Ajantina. A 1973, cikin wani shirin yaƙi da jahilci a ƙasar Peru, ya fara barin ɗan kallo ya hau dandali ya karɓi matsayin ɗan wasa, ya gwada tasa dabarar. Manufarsa ita ce wanda aka danne ya gwada ƙwatar haƙƙinsa a wasa kafin ya gwada a zahiri. A makwabciyarmu Burkina Faso, ƙungiyar ATB da Prosper Kompaoré ya kafa a 1978 ta daɗe tana kai irin wannan wasa ƙauyuka da unguwanni. A Zariya ma, malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun shiga ƙauyuka da wasan wayar da kai tun shekarun 1970.

Abin da ya burge ni shi ne yadda wurin ya yi tsit da matar ta juya kekenta za ta tafi. Babu takardar sanarwa da za ta iya haifar da wannan shiru. Wani dattijon masinja ya hau ya zama maigadin, ya ƙi karɓar takardun, ya ce shi zai haura ya sauko da mai ganawar. Aka yi dariya, aka tafa, daga nan aka fara kallon juna, domin kowa ya san benen da ake nufi. 'Yar wasan da ta fito a matar ta yi ƙoƙari matuƙa, ba ta nemi a tausaya mata ba, fushinta a bayyane yake.

Matsalar ta fara ne daga jagoran wasan. A tsarin Boal, wanda ake zalunta ake maye gurbinsa, don a ga abin da zai iya yi alhali mai danne shi yana nan da halinsa. A nan kuwa sai aka riƙa gayyatar mutane su zama sakataren, kowa ya hau ya nuna kirki, a tafa masa. Boal kan kira irin wannan mafita da siddabaru, domin gobe da safe sakatare tana nan, bene yana nan. Da wata ma'aikaciya ta tambayi dalilin da ya hana a sauko da ofishin ganawar ƙasa, jagoran ya saci kallon sahun gaba, ya ce za a duba, ya wuce. Dandalin kansa ma matakala uku gare shi. Da akwai gurgu a cikin 'yan kallo, ba zai iya hawa wasan da aka shirya dominsa ba.

Wasa na biyu ya fi rauni. An nuno mai shara yana ƙona leda a bayan ofis, da wani ƙaramin ma'aikaci da ya tashi ya bar fanka da fitila a kunne. Aka yi musu faɗa, suka tuba, aka rufe da waƙa. Wa'azi ne aka sa wa tufafin wasa. Ba mai shara ke sayo ruwan leda da ake sha a tarurruka ba, ba shi ke yanke shawarar a ci gaba da ƙona man janareta ko a kafa sola ba. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana leda, amma har yau tana rataye a bishiyoyin Yamai. Rashin sani ba shi ne babbar matsalar ba, don haka wasan da ya tsaya ga faɗakar da ƙananan ma'aikata ya bar jaki yana dukan taiki.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wasan da ke taɓa manya. A wasan gauta, a cikin fada ake kwaikwayon sarki da fadawansa yana kallo. A Damagaram wasan kara yana kwaikwayon masu mulki a bainar jama'a. Ƙarfin waɗannan wasanni yana ga lamunin da aka ba ɗan wasa ya nuna wa babba kamanninsa. Idan kamfani ne ya biya kuɗin wasa, kuma shi ya tantance labarin, wannan lamuni shi ke fara ɓacewa.

Ba ina cewa a daina ba ne. 'Yan wasa na da iyali, kuma wannan aiki ne na halal. Amma akwai abin da ya kamata su gindaya kafin su karɓi kwangila. Su zauna da ma'aikata kwanaki suna sauraro, labarin ya fito daga bakin masu shara da direbobi. A yi wasan da Hausa da Zabarmanci, domin Faransanci ya bar na baya a baya. A samo mai fassara da hannu saboda kurame, dandali kuma ya zama daidai da ƙasa. Darakta ma ya hau, ya zauna a keken guragu a gindin bene. Sannan a rubuta duk shawarar da ta fito, a sa ranar da za a dawo a faɗi wadda aka aiwatar. Boal ya yi kwatankwacin haka sa'ad da yake kansila a birnin Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, inda shawarwarin 'yan kallo suka zama dokoki 13.

Da muka fito na tambayi ƙanena ko ofishin ganawar zai sauko ƙasa. Ya ce shi dai an ba su riguna masu tambarin taron. Ina roƙon 'yan uwa masu shirya teyatur, idan an gayyace ku ma'aikata, ku fara zagaya ginin ku ga wa zai iya shiga, sannan ku zauna rubuta wasan.