Jinjina ga Matuƙan Sambuk na Bahar Maliya

A Katsina ba mu da teku, amma kakanninmu da suka tafi Hajji da ƙafa sun san ta. Su bar birnin Dikko, su bi Maiduguri, su ratsa Chadi, su wuce El-Fasher da El-Obeid, wasu bayan shekaru, har su tsaya a Sawakin, bakin Bahar Maliya. Daga nan sai jirgin katako mai filafilan zane, sambuk.

Matuƙan nan nake yi wa jinjina. Jidda tana arewa maso gabas da Sawakin, iskar wannan yanki kuwa galibi daga arewa take kaɗawa, wato tana tunkarar jirgi. Ba a miƙewa kai tsaye. Matuƙi ya karkata dama, ya juyo hagu, yana cin tazara kaɗan-kaɗan, idonsa a kan launin ruwa, domin duwatsun murjani na kwance ƙarƙashi suna jiran katako. Inda duwatsun suka yi yawa, in dare ya yi sai a ɗaure jirgi a jira asuba. Ga Bakatsinen da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, a zaune yana salati, jiri na ɗibarsa.

A gaɓar tekun nan ne rundunar sahabi Abu Ubaida, mutum 300, ta tarar da ƙaton kifin da ake kira Anbar, suka yi kwanaki suna ci. Cikin irin wannan ruwa matuƙan suka riƙa ƙetarar da mutanenmu, babu inji, sai taurari da igiya.