Onnagata: Mazan da ke Fitowa a Mata a Wasan Kabuki

Mace ce ta kafa wasan kabuki na ƙasar Japan. Sunanta Okuni, kuma a 1603 ta fara raye-rayenta a bakin kogin Kamo da ke birnin Kyoto, wani lokaci har da shigar maza da takobi a ɗamara. Ba a je ko'ina ba, a 1629, gwamnatin Tokugawa ta hana mata hawa dandali, don wasan ya cakuɗe da karuwanci, 'yan kallo na ta ba hammata iska a kan 'yan wasa. Aka sa samari a gurbinsu, ba ta sauya zani ba, su ma aka hana su a 1652. Sai aka bar wa manyan maza, bisa sharaɗin su aske gashin gaban kai don kada su ja hankalin kowa. A nan aka samu onnagata, wato namijin da sana'arsa ita ce fitowa a mace. Dole ce ta haifi sana'ar: tunda babu ƙuruciya, babu gashi, sai gwaninta. Hatta ƙyallen nan mai launin shunayya da suke ɗorawa a goshi, asalinsa don rufe askin ne, daga baya ya zama ado.

Mai karatu na iya cewa ai ɗan daudu ke nan. Akwai bambanci. Wannan aikin dandali ne da ake koyo tun ana yaro, galibi a gidan gado, kuma da yawansu magidanta ne.

Dubi yadda ake gina macen. Ɗan wasa zai shafe fuska da wani mai kamar kakin zuma, ya danne girarsa da shi, ya bi fuska da wuya da ƙeya da farar hoda, sannan ya zana ƙaramin baki da ja. Wannan shi ne mai sauƙin. Wahalar tana jiki. Zai ɗan durƙusa don ya rage tsawo, ya haɗe gwiwoyi, ya karkato yatsun ƙafa ciki. Masu koyo sukan maƙala takarda tsakanin gwiwoyi su yi ta tafiya, kada ta faɗi. Zai ja allon kafaɗa baya ya sauke shi, don faɗin ƙirji ya ɓace, wuya ya yi tsawo. Hannu kuwa, wanda shi ne ya fi tona asiri, yana ɓoye cikin hannun riga, kan yatsu kaɗai ke leƙowa. A haka zai yi rawa, ɗauke da gashin aro da tufafi masu nauyin gaske, yana magana da siririyar murya. Abin da ɗan kallo ke gani a matsayin taushi, ƙarfin ƙashi ne.

Yoshizawa Ayame, wanda ya rasu a 1729, shi ake ɗauka uban wannan fanni. Koyarwarsa ita ce onnagata ya zauna kamar mace ko a bayan fage, har wajen cin abinci, kuma kada ya riƙa zancen iyalinsa. Na zamaninmu ba sa bin wannan. Bando Tamasaburo, wanda aka haifa a 1950, ba ɗan gado ba ne, riƙonsa aka yi a wani gidan gadon kabuki, kuma ya fi yawancin takwarorinsa tsawo. Duk da haka a 2012 gwamnatin Japan ta sa shi cikin gwanayen da take kira dukiyar ƙasa mai rai. A rawar Sagi Musume ya riƙa fitowa a farar tsuntsuwa irin balbela da ta rikiɗa budurwa. Mataimaka na zare wasu zarurruka a bayansa, rigar ta sauya launi kafin ƙiftawar ido, 'yan kallo kuma na kiran sunan gidansa na wasa, Yamatoya, kamar kirari.

A Ingila ma maza ne ke fitowa a mata a zamanin Shakespeare, amma da aka ba mata dama a 1660 sai al'adar ta mutu nan da nan. A Japan an ɗage haramcin tun ƙarshen ƙarni na 19, onnagata bai gusa ba. Dalili a ganina shi ne kabuki ba ya kwaikwayon rayuwa kai tsaye. Jaruminsa fuskarsa zane ce ja da fari, muryarsa kamar tsawa. Matarsa ma dole ta zama ƙirƙirarriya irinsa.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Macen da onnagata ke nunawa, maza ne suka tsara ta: gimbiya mai jar riga, karuwar manya, matar da ke sadaukar da ɗanta ko ranta don mutuncin miji. Ba kasafai take kama da matar da ke shiga jirgin ƙasa a Tokyo da safe ba. Masu kare al'adar na cewa mace ba za ta iya ba, hujjar da ke da rauni, tunda abin koyo ne, kuma a gidan wasan Takarazuka, tun 1914, mata ne ke fitowa a maza, ana cika ɗaki. Gwanintar onnagata ta gaske ce, ta cancanci amincewar da UNESCO ta yi wa kabuki a 2005. Amma hana manyan mata babban dandalin wasan da mace ta kafa, wannan ba buƙatar fasaha ba ce, sabo ne kawai.