Kunnen Yola da Kiɗan Goge Huɗu na Bela Bartok

A wurinmu goge galibi baran murya ne: mai goge a gidan biki a Jimeta yana ja ne domin mawaƙi ya sami inda zai ɗora baitinsa. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da ɗalibanmu suka soma hamma sa'ad da muka kunna masu Kiɗan Goge Huɗu na Biyu na Bela Bartok, mutumin Hangare (1881-1945). Goge ne huɗu na Turawa, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya babba mai kaurin amo, babu waƙa, babu ganga. Ya tsara shi tsakanin 1915 da 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fara kaɗa shi a Budapest a 1918.

Kashi uku ne. Na farko mai tafiyar hawainiya ne, kuma a ganinmu ya fi sauran bin sawun magabatansa na Turai. Amma da kashi na biyu ya faɗo, sai aji ya farka, har wata ɗaliba ta ce ai wannan algaita ce a ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. A 1913 Bartok ya je yankin Biskra a Aljeriya da na'urar naɗar sauti, ya ɗauki kaɗe-kaɗen ƙauyuka, algaitarmu kuwa 'yar'uwar ta Magrib ce, har sunan ma ɗaya ne. Abin da kunnen Yola ya gane shi ne karin da ke kai-komo cikin ɗan taƙaitaccen fili, da kuma amo guda da ake nanatawa a ƙarƙashinsa ba sassauci. Goge ne ke aikin ganga a nan. Bartok bai tsinko adon Larabawa ya liƙa a sama ba, kamar yadda wasu marubutanmu ke yayyafa karin magana a labarin da ƙashinsa na aro ne; dokar kiɗan ya koya, ya yi gini da ita.

Duk da haka akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Aljeriya tana hannun Faransa a lokacin, kamar yadda Yola ta faɗa hannun Ingila tun 1901. Baƙo ne ya zo da na'ura, ya koma da sauti, sunansa ne kuma kaɗai a bangon faifan da muke saurare.

Kashi na uku bai da saurin shiga rai. Amo kan fito ya tsaya, shiru ya ratsa, kamar zaman makoki bayan an shafa fatiha. Mun fi daraja shi bisa na biyu, ko da yake ɗalibai ba su yarda da mu ba. A ƙarshe manyan gogen nan biyu sukan bar ja, su tsinki tsirkiya da yatsa sau biyu kamar mai molo, kiɗan ya ɗauke.