Saratu Giɗaɗo da Matsayin Muguwar Mace a Wasan Kwaikwayon Hausa

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a Bebeji ko Ƙiru, ko kuwa can Tudun Wada da Doguwa, ya san yadda ɗaki kan ɗauki guna-guni da zarar fuskar Daso ta bayyana. Saratu Giɗaɗo ke nan, wadda aka haifa a 1968, ta fara fitowa a fim ɗin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya a shekarar 2000, watau shekara goma bayan Turmin Danya ya buɗe wannan fage a Kano. Allah ya yi mata rasuwa ranar 9 ga Afrilu, 2024, ana gobe Ƙaramar Salla.

Matsayin da aka fi saninta da shi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun a tatsuniya akwai kishiyar uwa mai gallaza wa marainiya, akwai kuma Mowa da Bora. Abin da Daso ta ƙara shi ne harshe. Gwaninta tana cikin habaici da gugar zana da baƙar magana, da yadda take jan wasali ta sauke shi a kan tsaki, sa'an nan ta bi shi da harara. Mai nazarin salon maganar matan Kano a cikin gida zai sami abin rubutawa a bakinta fiye da abin da littattafai da dama suka tanada.

Amma fa akwai abin suka, kuma a ganinmu laifin ya fi rataya a wuyan marubuta da masu ba da umurni. Sun ga jama'a na so, sai suka ɗaure ta a turke guda. Da wuya a nuna wa mai kallo dalilin muguntar matar da take kwaikwaya: shin auren dole aka yi mata, ko miji ne ya ƙi adalci, ko tsoron a raba gado ba da 'ya'yanta ba? Sai dai a wayi gari a gan ta muguwa, a ƙarshe ta yi nadama ko ta haukace. Wannan gajarta tunani ne, domin ya wanke namiji sarai daga rikicin gidan da shi ya haɗa.

Sa'an nan mai kallo da yawa ba ya raba wasa da mai wasa. Haka ta faru ga Zalika Sule ta Yamai, wadda ta fito a matsayin kishiya mai mugun kishi a fim ɗin Umaru Ganda, Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Ta sha zagi a titi saboda halin da ba nata ba, har daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗin da ta yi a kan rayuwarta. Daso ta fi ta sa'a nesa ba kusa ba, domin barkwancinta a wajen dandali ya sa jama'a suka gane cewa tsakin nan na aro ne.