Shotcut, Manhajar da Ta Share Mini Hawaye

Shekara da shekaru ina ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu a Ajingi da ƙauyukanta, daga Toranke har Kunkurawa, kuma duk tacewar da Movie Maker nake yi a tsohuwar laftof ɗina mai Windows 7. Na san ta kamar yunwar cikina: in zuba hotuna, in ɗora kiɗa, in rubuta sunan ango da amarya, shi ke nan. Da laftof ɗin ta fara nauyi, sai na kai ta Kano aka sa mini Windows 10. Na dawo gida na buɗe, na duba sama na duba ƙasa, babu Movie Maker babu dalilinta. Ashe dama ba ta cikin kayan da ke zuwa da Windows 10 tun fitowarsa a 2015, kuma a Janairun 2017 aka daina bayar da ita gaba ɗaya. Ga shi na riga na karɓi kafin alƙalami na wani biki a Gafasa.

Na gwada manhajoji har uku. Wata ta ce sai da intanet, wata ta ce sai na yi rajista, wata kuwa sai da na gama wahala ta manna mini ƙaton tambarinta a kan fuskar amarya. Ina cikin wannan zulumi ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Wudil ya zo hutu, ya miƙo mini filas ya ce, "Kawu, gwada wannan, sunanta Shotcut."

Jama'a, ashe da sauran masu alheri a duniya! Kyauta ce, ko sisin kwabo ba a biya. Babu rajista, babu tambari, kuma in ka same ta ba ruwanka da data. Wanda ya san yadda sabis ke wasan ɓuya da mu a nan zai gane abin da nake nufi. Wani masani mai suna Dan Dennedy ne ya assasa ta a 2011, ya bar ta a buɗe ga kowa. Har akwai samfurinta da ba sai an girka ba, daga kan filas kawai za ka kunna.

Abin da na fi kewa a Movie Maker shi ne yadda take jera hotuna su riƙa tafiya a hankali, wannan na narkewa cikin wancan. Na ɗauka na yi bankwana da shi ke nan. Sai ga shi a Shotcut: ka zaɓi hotunan, ka faɗi daƙiƙa nawa kowanne zai yi, ita ta ƙarasa sauran. Wallahi sai da na tashi tsaye.

Daga nan kuma ta fara ba ni abin da ban taɓa samu ba. A da layi guda nake da shi na hoto. Yanzu ina jera layi a kan layi, abin da kyamarata ta ɗauka a ƙasa, na wayar yarona a sama, in yanko daga nan in yanko daga can kamar masu tace fim a Kannywood. Muryar liman wajen ɗaurin aure, wadda hayaniya ke dannewa, na ɗaga ta har ana jin adadin sadaki. Bidiyon rakiyar amarya da na ɗauka a bayan babur, mai rawa kamar mazari, ta daidaita shi. Bidiyon kowace waya aka kawo mini, ba ta taɓa cewa ba ta gane shi ba.

Kada mai tsohuwar kwamfuta ya karaya. Tun 2020 aka ƙara wa Shotcut wata dabara: tana yin ƙaramin kwafi marar nauyi ka yi aikinka da shi, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali mai tsabta. Kuma ranar da aka ɗauke wuta batirina ya mutu ina tsakiyar aiki, da na sake kunnawa sai ta tambaye ni ko ta dawo mini da abin da ta adana. Na ce dawo da shi, 'yar albarka!

Gaskiya ɗaya ce, ranar farko maɓallanta sun rikita ni, sai da na yi kwana uku ina lalube. Amma wanda ya iya allonsa ya wanke, a rana ta huɗu na kai aikin Gafasa. Uwar amarya ta sa aka maimaita mata wurin kamu har sau uku.

'Yan'uwana masu wannan sana'a a Gaya da Ajingi, tun 14 ga Oktoba 2025 wa'adin kula da Windows 10 ya cika, wata ƙaurar na gabanmu. Ni dai hankalina kwance. Shotcut tana aiki a Windows, tana yi a Mac, tana yi a Linux, kuma filas ɗin nan yana aljihun rigata, kusa da makullin shago.