Jinjina ga Masu Tsaron Ƙofar Matuƙa

Tun harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙan jirgin sama, kuma a kulle take. Ma'aikaciya ba ta shiga sai ta kira ta wayar cikin jirgi, matuƙi ya duba kyamara, ya tabbatar ba mai bin bayanta. In zai fita ban-ɗaki, akan gitta keken abinci a hanya har ya koma.

A 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings ya kulle kyaftin a waje, ya faɗo da jirgin, mutum 150 suka halaka. Daga nan kamfanoni da dama suka wajabta zaman mutum biyu a ciki.

Fasinja, in an ce ka zauna, zauna. Ma'aikata, sannunku da ƙoƙari.